Wankin Bindigas Surajo

Ranal Laraba da hantsi Habsa tak kai ma mijinta kunu garka, ta ishe shi kwance rub da ciki cikin hwangalin albasa. Injin ban ruwa na ta ruri, ruwa ya cika hwangali ya tsallaka na maƙwabci. Sai da tay yi mishi hwaɗan ɓarnar ruwa, kalma uku ko huɗu, kahin idonta shi kai ga bayan rigatai. Wani ɗan rami na nan ƙasan wuya, bai hi ƙwayag gujiya ba. Jinin ma ba yawa. Mahaman ya riga ya yi sanyi.

Ta aje ƙwarya, tak kashe injin, don ta san tsadar esansi, man da shi ka sha, sannan tay yi kukan da anka jiyo hal cikin gari.

Maigari ya yi dabara guda ranan nan: yat tsare mutane bayan shinge, ya aika a kira Hassan mai bin sawu. Hassan ya ba hamsin baya, ɗan Baba Yaro na, tsohon maharbin garin. In raƙumi yaɓ ɓace Ibohamane, shi a ka aiko ma. Ba shi da yawan magana, kuma kullum kainai na ƙasa, hal wasu na cewa bai san kamannin matatai ba sai sawunta.

Ƙasa jiƙe take ko'ina, irin wadda ko hwara tad dira sai ta bar shaida. Hassan yak kewaye garka sau uku. Yag ga takalmin roban Mahaman, yag ga ƙahwah Habsa, yag ga inda bushiya tar ratsa tun kahin gari shi waye. Can kan hanya, taki talatin daga shinge, tayam moto, wato babur, ta wuce, ba ta tsaya ba.

"Ƙaƙa?" inji maigari.

"Ranka shi daɗe, ba wanda yaz zaka wurin nan."

"To shi yah harbi bayanai da kainai?"

Hassan yas sake duban ƙasa. Shekara talatin shina bin sawu, bai taɓa ganin ɓarna ba ƙahwa ba. Sai yaj ji gumi na bin bayanai, ga kuwa sanyin sahe bai gama sakin mutane ba.

Jandarmomi sunka zaka daga Buza, da majo, babban malamin asibiti. Majo yah hidda harsashi guda, dogo, mai jan kai, ba irin gutsuren ƙarhen da maharbanmu ka ɗura ma bindigar adaka ba. Babbansu yat tambayi wa ad da bindiga garin nan. Mutum ɗari biyu na tsaye, kowa yas samu abin kallo ga babban yatsan ƙahwatai. Sunka rubuta abin da za su rubutawa, sunka ce a binne, sunka tahi.

Wurin jana'iza Baba Yaro na sahun gaba. Shekara tamanin, kunne ya yi nauyi, amma ƙahwa na nan. Mahaman ka kai mishi lawashi kowane sati, don haka tsohon ya yi kuka awa mace, bai ɓoye ba.

Ƙuram motaj jandarma na kwantawa, bakin kowa yab buɗe.

*

Suna na hwarko da anka jehwa, Walid na, makiyayin da raƙumanai sunka karya shingen Mahaman bara. Hassan yab bi shi rabin yini, ya ishe shi bakin rijiya wajen Babankatami, shina shan shayi.

"Da mi zan harbe shi?" inji Walid. "Da sanda? Tun Talata ni ke nan. Tambayi raƙuma, su ba su ƙarya."

Hassan ya riga ya tambaye su. Kashinsu na kwana biyu na nan kewaye da rijiya, da shimhiɗaw Walid tsakiya.

Kahin shi dawo gari, an sake suna. Wannan karon Surajo.

Surajo ya yi shekara takwas Abijan, yad dawo da moto, da gemu, da wando ɗangale, da wata sabuwab bindiga cikin akwati hal da takardatta mai hatimi. Rijiya guda ta haɗa garkatai da ta Mahaman, kuma tun da anka dasa albasa su ka ja kan wa ka hwara ban ruwa. Ranak kasuwa, gaban masu tsire, Surajo ya ce sai ɗayansu ya bar garkan nan. Tayam moton da taw wuce kan hanya kusa da shinge kuwa tashi ta, shi ma bai musa ba. Ya ce Karofane yat tahi bayan sallas asuba, shi kaɗai.

Surajon nan shi ka auren Sakina, ƙanwah Hassan, autab Baba Yaro. Yara huɗu.

Alhamis da la'asar matasa sunka kawo shi zauren maigari, riga a yage. Amma shi da ƙwarin guiwatai.

"A ɗauko ta," yac ce. "Tun da nis saye ta ko tari ba ta yi ba. Maiƙon kanti na nan cikinta cunkushe, rawaya, ko haske ba shi wucewa. Kaparan Mahfuzu ya ce kar in kuskura in harba sai ya zaka mun hidda shi tare. A duba, kowa shi gani."

Anka ɗauko. Surajo da kainai yaz zare abin bayanta, yaɗ ɗaga bututun saitin rana, yas sa ido.

Ya daɗe haka nan. Sannan yas sauke ta a hankali.

Maigari yak karɓa yad duba. Rana na ratsa bututun tas, hal tana kashe ido. Anka buɗe kwalin harsashi: gurbi ashirin, guda ba komi.

"Ya harba, ya wanke," inji wani daga baya.

"Wallahi, Yaya Hassan," inji Surajo, murya ta zama ta wani mutum daban. "Wallahi tallahi."

Maigari yab buga waya Buza. Anka ce a tsare mutum, a tsare bindiga, gobe bayan Juma'a za a zaka a kwashe su. Anka kulle Surajo ɗakin buhunna, anka rataye bindiga ga ƙusa cikin turakam maigari. Matasan da ba su gamsu ba sunka zauna ƙohwag gida da sanduna, wai gadi.

*

Kaparan Mahfuzu tsohon soja na, shina saida esansi cikin kwalabe bakin hanya. Shi da Hassan tare anka yi musu kaciya, don haka ba wanda ka ganin girman wani.

"Ga mai kallon ƙasa," inji Kaparan. "Ka tsinci mi yau?"

"Sunanka. An ce kai kaɗai kas san kan bindigan nan."

"Na sani. Na kalle ta awa matam maƙwabci, da ido kawai."

"In kai za ka wanke ta, ƙaƙa za ka yi?"

Kaparan yag gyara zama. Shekara goma shina jiran wani shi yi mishi wagga tambaya.

"Da hwarko ba a cewa wanki, don ruwa ba shi kusantatta. Ka zare abin baya. Ka ɗaura ɗan ƙyalle ga igiya, ka jiƙa da pitirol na hitila, ka saka ta baya ka jawo ta baki. Hanya guda, ba a komawa. Ka sake ƙyalle, ka sake, hal shi hito hwari. Sannan ɗigon manta na kanti, ɗigo guda, ba miya ka ka yi ba. Harbi goma na hwarko, kowane guda sai ka share. Kuma ba a tura mata ƙarhe ta baki. Bakin nan shi ka miƙe harsashi. Ka ƙwarzane shi, ka nuna ma zomo ka samu jaki."

"Surajo ya san wannan?"

"Na karanta mishi sau huɗu, hal ya rubuta cikin waya. Man ma na nan cikin akwati, ko hatimin kwalba bai hwasa ba."

Yaz zuba ma wani mai moto lita guda, yad dawo. Dariya ta bar huskatai.

"Wani abu ka damuna, Hassan. Majo ya ciro harsashi cikin jiki."

"To?"

"Bindigan nan, in daga bakin shinge ta, sai ta huda Mahaman, ta huda injin, ta wuce neman na uku. Harsashin da yak kwana cikin mutum, a gajiye ya iso. Ya yi tahiya. Kuma daga sama yas sauko, ka ga inda ramin shike."

"Tahiya awa ina?"

Kaparan yaɗ ɗaga kahwaɗa. "Kilomet biyu ba komi na ba wurinta."

*

Sakina na zaune tsakag gida, turmi gabanta da hatsi ciki, taɓarya kwance. Ko wuta ba a hura ba.

"Wa ka shiga ɗakin mijinki?" inji Hassan.

"Ni da tsintsiya."

"Ranal Laraba hwa?"

"Ni da tsintsiya, Yaya."

Ba ta dube shi ba. Tun tana rarrahe Hassan ya san ta: in za ta yi ƙarya, sai ta murza zoben yatsa. Tana ta murza shi.

"Yaya, in sunka tahi da shi, yaushe za shi dawowa?"

"Sai ƙaramin ɗanki ya yi gemu. In ya dawo."

Tas sake murza zoben. Hassan yaj jira hal kaji sunka hwara hawa katanga, sannan yat tashi. Zuciyatai ta ce mishi ita taw wanke ma miji ɓarna, kuma bai ga laihinta sosai ba.

*

Juma'a da sassahe yar roƙi maigari shi sake ganin bindiga. Maigari yab buɗe turaka, yat tsaya bakin ƙohwa shina tauna goro.

Hassan bai hwara da bindiga ba, don shi ba shi iya hwara komi sai daga ƙasa. Nan gindin bango yag ga kiyashi, layi guda siriri. Sun hito ƙarƙashin tabarma, sun wuce buhun sukari da ke gehe ko kallo bai ishe su ba, sun hau bango, sun bi maɗaurin bindiga, sun gangara hal baki, suna shiga suna hita awa ranak kasuwa.

"Ranka shi daɗe, kiyashi na cin man garaji?"

"Ban taɓa gani ba."

"Ni ma."

Yas sauke bindiga, yak kai hanci bakinta. Yas sake kaiwa. Man shanu. Tsohon man shanu mai ɗan tsami, irin na cikin ɗan tandu. Yam murɗa ƙyalle ga tsinke yas saka, yaj jawo: ƙyalle ya hito ja. Bindigad da ba ta yi wata uku da barin kanti ba, ga tsatsa ta huda mata ciki cikin kwana biyu. Yad duba gehen bakin: ƙwarzane uku, sababbi, inda sandaƙ ƙarhe tag goga.

Yaz zauna kan buhun sukarin maigari.

Ya san wankin nan. Shina da shekara bakwai shi ka hura wutatai. A tahwasa ruwa da ɗan kanwa, a toshe ƙasan adaka, a ɗura ta baki, a zuga da sandaƙ ƙarhe mai tsumma, a zubar, a sake, hal baƙin albarushi shi ƙare. A jingine kusa da wuta ta sha iska. Sannan a ciyad da ita man shanu. Adaka ta saba, don ita bututun ruwa ta da anka yi ma gindi. Kuma duk garin nan, masu wannan wanki sun mutu sai mutum guda.

"Lahiya?" inji maigari.

"Zan dawo kahin Juma'a."

Gidan Baba Yaro shi na na ƙarshe, gindin dutsi. Bayanai wata 'yah hanya ta hau tudu. Iska ba ta taɓa ta ba, don duwatsu sun kare. Hassan bai ko duƙa ba: ƙahwad dama mai ja, ramin sanda gehen hagu, hawa da sauka. Hawa, sawu ya hi nutsewa wajen dama, inda kaya ke.

Sawun yak kai shi ga hwalalen dutsin da kowa na gidansu yas sani. Tun kahin kakansu shi kama salla, gidan nan na da ƙa'ida: sabon makami, baka ko bindiga, mai shi ba shi yin harbin hwarko. Babban gida ka hawa da shi nan kahin rana ta hito, shi kira sunayen waɗanda sunka riga mu, shi saki guda sama-sama wajen gabas. Sannan shi wanke, shi ciyar. In ba a yi ba, wai makami cikin gida za shi neman jinin hwarko. Hassan na nan ranad da tsoho ya aika ma Surajo da wagga magana, don suruki ba shi hwaɗa ma suruki baki da baki. Surajo ya maido amsa cewa shi ya bar arnanci, kuma bindigatai ba ta cin man shanu.

Hassan yat tsaya inda sawun yat tsaya, yad dubi gabas. Ƙasa, ƙorama busassa. Gaba da ita gonakin hatsi da anka girbe, da layukan duwatsun tare ruwa. Gaba kuma, can inda mutum ka komawa awa ƙuda, wani ɗan kore awa tabarmas salla. Garkam Mahaman.

Yaz zauna bisa dutsin. Da yat tashi, inuwa ta gajarta.

*

Ya ishe tsoho tsakag gida ya sa babbar rigaj Juma'a, Sakina durƙushe ta riƙe mishi gehen riga.

"Yawwa, ga yayanki," inji Baba Yaro da ƙarhi, irin na masu nauyin kunne. "Kai Hassan, ka ji shashanci? Sai yau ni ka jin wai yaron nan sunka kulle. Tun jiya ɗiyan nan na ɓoye min. Bindiga na hannuna ranan nan, bisa dutsi. Ƙaƙa za ta kashe mutum garka? Bari in tahi in hwaɗa musu, su saki bawan Allah."

"Baba, in mijina yaj ji ni nib ba ka bindigan nan, aurena ya mutu," inji Sakina. Tad dubi Hassan. "Yaya, hwaɗa mishi. Ai ba abin da yah haɗa. Dutsi ina, garka ina?"

Tana tambaya, amma idonta ya riga ya san wani abu.

Hassan yad dubi uban da yak koya mishi bambanta sawun akuya mai ciki da wadda ba ta da shi. Kalma guda ta isa. Shi ce, Baba zauna, na gyara komi. Tsoho za shi zama, don ya yarda da shi. Kiyashi ba su magana, maigari bai gane komi ba, iska ko garke za su share hanyad dutsi kahin sati. Bayan Juma'a mota ta tahi da Surajo, wanda dama Hassan bai taɓa so ba.

Yara biyu na Sakina na leƙe daga bayan rumbu.

Yaɗ ɗauko sandat tsoho inda take jingine, yam miƙa mishi.

"Mu tahi, Baba."

*

Bayan Juma'a ƙohwam maigari ta cika. Motaj jandarma ba ta iso ba tukuna. An hiddo Surajo an zaunar, ga Walid da anka kira, ga Kaparan, ga Habsa cikin mata da mayahin takaba. Bindiga na kwance kan tabarma.

Hassan yan nuna ƙyallen tsatsa. Yas sa maigari da liman sunka sunsuni bakin bindiga. Yas sa Kaparan yah hwaɗi yadda a ka share irin wagga, da yadda yak koya ma Surajo.

"Wanda yas san wannan," inji Hassan, "ba shi ɗura ma dukiyatai ruwan kanwa. Wanda yaw wanke ta bai yi don ɓoyo ba. Gata yay yi mata, iyakas saninai."

"To wa?" inji maigari.

"Ni mana," inji Baba Yaro.

Yam matso da sandatai, yat tsaya tsakiya, shina murmushi ma, don ya zaka hidda suruki daga kunya.

"Ni niɗ ɗauke ta, yaron nan na hita. Na ishe cikinta cunkushe da wani ƙazamin abu, na wanke. Na ga yadda shi ka saka mata harsashi ranad da shi ka nuna ma mutane, ba wuya. Na hau dutsi na buɗe mata baki, yadda ubana yay yi ma tawa. Na sake wankewa, na ciyar, na maida kahin shi dawo. Ya ce arnanci, to shi ce. Jikokina ka kwana ɗakin nan." Yad dubi jama'a. "Kun ji ke nan. Bindiga na bisa dutsi sa'ad da anka kashe Mahaman. Ku saki yaro, ku nemi azzalumin wani wuri."

Ba wanda yam motsa. Goro ya tsaya bakin maigari. Surajo ya buɗe baki awa wanda anka mara.

"Baba," inji Kaparan, kuma ba a taɓa jin muryatai ƙasa haka ba. "Ina kan nuna ta?"

"Mi?"

"Ina kan nuna bakinta?"

"Gabas mana. Sama-sama, yadda a ka yi."

Wata cikin mata tac ce innalillahi, a hankali. Habsa tat tashi tsaye, tas sake zama.

Tsoho yad dubi wannan, yad dubi wancan. Murmushin na nan, amma ya rasa wurin zama.

"Mi ku ka kallona? Kai Hassan, mi su ka kallo?"

Hassan yam matsa dab da kunnenai, don kar shi maimaita.

"Baba, harsashinka na. Ya kai garka."

"Garka." Tsoho yay yi wata 'yad dariya. "Kun haukace. Shekara sittin ni ka harbi bisa dutsin nan. Bindiga goma sha ɗaya nib buɗe ma baki. Cikin ƙorama shi ka hwaɗuwa, ko yaushe, gindin wata aduwa. Da hannuna ni ka tsintowa. Garka tahiya ta, ku tambayi kowa."

"Wagga ba adaka ta ba, Baba," inji Kaparan.

"Bindiga bindiga ta." Yab buga sanda ƙasa. "Ku taho in nuna muku. Ku taho, ƙahwakku ƙahwata."

Maigari yad dubi Hassan. Hassan yaɗ ɗaga kai.

Haka gari yab bi tsoho, rana tsaka. Surajo ma na ciki, ba wanda yat tuna da riƙe shi. Sunka hau hal hwalalen dutsi, tsoho yan nuna inda yat tsaya, yan nuna da sanda yadda yaɗ ɗaga. Kaparan yat tsaya bayanai yab bi tsawon sandan nan da ido, sannan yak kau da kai.

Sunka gangara, tsoho gaba, hal cikin ƙorama. Yat tsaya gindin aduwa, shina haki.

"Nan. Ku tona."

Matasa biyu sunka tona da hannu. Sunka hiddo gutsuren ƙarhe baƙi, sunka hiddo wani, hal guda huɗu, duk tsohhi, tsatsa ta cinye.

"Kun gani?" inji tsoho. "Na ranal Laraba na nan shi ma. Mai jan kai. Ku tona da kyau."

Sunka tona. Shi ma yad durƙusa, babbar riga cikin rairayi, shina yaye ƙasa da yatsu. Ya daɗe. Ba wanda yah hana shi. Can nesa anka hwara jin ƙugin mota kan hanyab Buza.

Yad daina tono. Bai tashi ba.

"Hassan."

"Na'am, Baba."

"Daga nan zuwa inda yaron yah hwaɗi, saura nawa?"

"Ba mu yi kashi guda cikin goma ba."

Tsoho yaɗ ɗaga kai yad dubi gabas. Idonai ba su kai ko layin duwatsu na hwarko ba. Yam miƙa hannu, Hassan yat tashe shi. Maigari yac ce a koma gari, ga mota nan ta iso.

"Su jira," inji Baba Yaro. "Ku saki yaron can, ku ce ma ɗiyata ta hura wuta gidanta." Yak kakkaɓe riga, yag gyara sanda. "Habsa na nan?"

Mata sunka dare. Tana tsaye, mayahi ya ruhe rabin huska.

"Ɗiyata, wuce gaba ki nuna min wurin. Ni ban san hanya tana da nisa haka ba."

Habsa tad dube shi, tad dubi hannuwanai da rairayi yac cika. Taj juya tak kama hanyag garka, tsoho na bin sawunta, Hassan na riƙe da guiwah hannunai.